Gidan gado za mu sayar, kuɗin gyara kaɗan ne: me za mu taɓa, me za mu bari?

Maman_Sultan:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema. Gidan mahaifinmu ne, Allah ya jiƙansa, a unguwar Rijiyar Zaki a Kano. Mun zauna da 'yan uwana mun yanke a sayar a raba, tunda kowa yana inda yake, Hajiya ma ta koma wajen babban yayanmu. Ginin bulo ne na ƙarshen shekarun 1990, ɗaki huɗu da falo, banɗaki biyu, kicin a tsakar gida, rufin kwano. 'Yan haya sun daɗe a ciki. Fenti ya koɗe, silin ɗin falo ya yi tabon ruwa ta kusurwa ɗaya, ƙasan bangon da ke jikin kwata yana zubar da yaɓe, get kuma sai an ɗaga shi kafin ya rufu.

Dillalin da ya zo ya ce in muna son kuɗi mai kauri mu shimfiɗa tayil ko'ina, mu yi POP, wato silin ado na filasta, a falo. Abin da muka iya haɗawa bai wuce naira dubu 700 ba. Don Allah masu sani, wane gyara ne yake dawo da kuɗinsa, wanne ne asara?

Dan_Kurna:
Wa'alaikumussalam. Allah ya gafarta wa Baba. Fenti kawai ki yi, Hajiya. Fenti da shara. Sauran duk surutun dillalai ne.

Injiniya_Bash:
Allah ya jiƙan Baba. Da farko ki cire maganar tayil a lissafi. Dubu 700 ba za ta shimfiɗe ɗaki huɗu da falo ba in aka haɗa siminti da yashi da kuɗin aiki, balle a ɗora POP a kai. Tun da buhun siminti ya haura dubu 10 a farkon 2024 komai na gini ya bi shi.

Amma ban yarda da Dan_Kurna ba cewa fenti ne farko. Rufi ne farko. Tabon da kike gani a silin alama ce kawai, ciwon yana sama. A sa kafinta ya hau ya duba. Yawanci ba wani babban abu ba ne: ƙusa ce ta saki, ko tsatsa ta faɗaɗa ramin ƙusar, ko kuma wajen da kwano ya haɗu da bango ne ya buɗe. In irin rufin nan ne da ake ɓoyewa cikin bango, to a duba magudanar da ke bayan bangon. Ƙurar hunturu da leda da ganye suna toshe bakin indararo, ruwa ya taru ya rasa hanya, sai ya koma cikin ɗaki. Ƙusa mai roba a wuya, filashban (abin liƙe yoyon kwano mai kwalta), canjin falle ɗaya ko biyu, shi ke nan. Tunda ya hau, ya ƙwanƙwasa katakon ya ji ko gara ta cinye cikinsa. Sai rufi ya daina yoyo sannan a canja allon silin da ya lalace, shi kaɗai.

Na biyu bangon jikin kwata. Wannan danshi ne yake hawowa daga ƙasa, yana ɗauke da gishiri, gishirin ne yake kumbura yaɓe ya mayar da shi gari. In aka shafa fenti a kai, kafin wata uku ya yi bororo. A fara gyara kwatar ta daina jiƙa gindin bango. A kankare yaɓen har a wuce inda danshin ya tsaya, a bar bulon ya sha iska, a sake yaɓe da siminti wanda aka sa wa maganin hana ruwa. A riƙa yi masa bayi, a jira sati uku zuwa huɗu, sannan fenti.

MaiFenti_Sheka:
Injiniya ya gama magana a kan jiran yaɓe. Mu ne ake zagi in fenti ya ɓare, alhali mai gida ne ya matsa a shafa kwana biyu da gama yaɓe.

Ga nawa. A ciki fentin ruwa ya isa, na bokiti mai lita 20, shafi biyu. Ƙofofi da tagogi da get su ne ke son fentin mai, amma a goge tsatsa da sanfefa tukuna, a sa jan fenti na ƙasa, in ba haka ba tsatsar za ta ɓullo. Kala kuma don Allah a bar ta a ruwan madara ko fari ko toka mai haske. Kar a yi wa ɗaki ɗaya shuɗi ɗaya ruwan hoda. Kala mai haske tana sa ɗaki ya yi faɗi a ido, kuma ba wanda zai ce ba ya sonta. Sannan a tsaya a kan yara lokacin haɗi. Wasu suna tsuga ruwa don bokiti ɗaya ya yi aikin biyu, ranar farko ya yi kyau, in ka jingina sai ka tashi da farin baya.

Baba_Dillali:
Ina gaisuwa. Na daɗe a wannan sana'a, bari in faɗi abin da ban ga kowa ya taɓo ba. 'Yata, kafin ki kashe ko kwabo, ki tambayi kanki wa zai sayi gidan nan. Masu saye iri biyu ne.

Akwai mai kuɗi da ke neman wuri. Shi fili yake saye. Tambayarsa girman fulotin, faɗin layi, mota tana shiga ko ba ta shiga, nisan titi, takarda. Yana biya zai kawo nasa maginin ya fasa nan ya rushe can, wataƙila ma ya kwantar da ginin duka ya ɗora bene. Tayil ɗinki da POP ɗinki suna cikin tifar ɓaraguzai. Ko sisi ba zai ƙara miki saboda su ba.

Akwai kuma ma'aikaci ko ɗan kasuwa da ya tattara duk abin da ya mallaka, ya sayar da fili a bayan gari ya haɗa da adashe, yana so ya fita daga haya. Wannan ba shi da ragowar kuɗin gyara. Abin da yake so ya biya yau ya tare jibi. Shi ne duk yoyon da ya gani zai lissafa shi ninki biyu ya cire daga tayinsa.

In gidanku yana bakin babban layi kuma filin da girma, na farkon ne zai zo, ku share ku gyara get ku tsaya. In yana cikin lungu, na biyun ne naku, ku bi maganar Injiniya.

Maman_Sultan:
Na gode Baba. Yana layi na uku daga titi, mota tana shiga har ƙofa amma biyu ba sa giftawa. Filin ƙafa 50 ne da 75.

Baba_Dillali:
To mai tarewa da iyali ne naku. Rufi, banɗaki, ruwa, fenti.

Dan_Kurna:
Baba_Dillali Allah ya ƙara girma, amma ku faɗa wa 'yan uwanku su ji tsoron Allah. Mai gida ya ce miliyan kaza, kafin magana ta kai kunnen mai saye ta bi ta hannun mutum biyar kowa ya ɗora nasa. Gida ya yi shekara a kasuwa, mutane su fara cewa ko aljanu ne a ciki. Kuma wanda ya ce a yi tayil ɗin nan, ina tabbatar miki yana da mai tayil ɗin da zai kawo.

Baba_Dillali:
Ɗana, kowace sana'a da ɓatagarinta. La'ada a wajenmu sananniya ce, biyar cikin ɗari, ana faɗarta a gaban kowa. Maganin ɗori ɗaya ne: mai gida ya ba mutum ɗaya ko biyu, ya ce ranar ciniki sai ya zauna da mai saye ido da ido. Wanda ya ƙi wannan sharaɗi, ka san akwai abin da yake ɓoyewa.

Hajiya_Talatu:
Duk maza ne ke ta magana, rufi, fili, layi. Ku sani mutum zai zo ya gani ya yaba, amma ciniki ba ya faɗawa sai ya dawo da matarsa ko uwarsa. Mu kuma ba silin muke fara kallo ba. Banɗaki muke shiga, mu leƙa kicin, mu tambayi ruwa, mu duba inda za a yi shanya da inda yara za su zauna.

Maman Sultan, ki sa a kwashe sokawe tun kafin a fara kawo mutane. Gidan da 'yan haya suka daɗe a ciki da wuya a ce bai cika ba, kuma wari ne abin da ba a mantawa. Mace za ta manta kalar falo amma ba za ta manta gidan nan mai wari ba. Murfin masai in ya tsage a canja, ba tsada. Kan famfo da ke ɗiga a canja. Ramin da ruwan wanka ke fita a sa masa marfi mai raga don kyankyaso da ɓera. Kicin in hayaƙi ya baƙanta bango, a wanke da omo da ruwan zafi kafin fenti, don fenti ba ya kama maiƙo. Daɓen tsakar gida inda ya fashe a lilliƙe, a tabbatar in an zuba ruwa yana gangarawa rariya, ba ya kwanciya a ƙofar ɗaki.

Ni gidan da muke ciki yanzu, abin da ya sa na ce wa maigidan ya saya, na buɗe famfo ne ruwa ya zo. Wanda muka gani kafinsa ya fi shi kyau nesa ba kusa ba, amma jarkokin 'yan garuwa na tarar a zaure.

Sadiya_MaiLabule:
Hajiya kin faɗi gaskiya wallahi. Ƙari ɗaya: masu wanke banɗaki da asid su yi hankali, yana cinye simintin da ke tsakanin tayil, kuma yana kashe ƙyallin. A tsarma shi sosai, a buɗe taga, kuma kar a kuskura a haɗa shi da bilic, hayaƙin da ke tashi guba ne.

Almajirin_Malam:
Assalamu alaikum. Ina so in ja hankali a kan wani ɓangare kafin a yi nisa. Akwai gyara, akwai rufa-rufa. Hadisi ya tabbata a Sahihu Muslim cewa Manzon Allah (SAW) ya wuce wani tarin abinci a kasuwa, ya sa hannu ciki sai ya ji danshi. Mai abincin ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Sai ya ce masa me ya hana ya sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, kuma ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Malamai sun yi bayani cewa in mai saye ya gano aibin da aka ɓoye masa, yana da zaɓin mayar da kaya.

Don haka in an gyara yoyo an canja silin, babu laifi. In an bar yoyon aka shafe tabon da fenti don a sayar a rani, wannan shi ne abin da aka hana. Balle kuɗin gado, wanda zai shiga cikin marayu.

Yaron_Oga:
Allah ya gafarta Malam, to ai fentin ma gaba ɗaya ɓoye tsufa ne. Kenan mu daina fenti?

Almajirin_Malam:
A'a ɗan'uwa. Kowa ya ga sabon fenti ya san an yi fenti, kuma shekarun gida ba a ɓoye suke ba, maƙwabta sun sani. Abin dubawa shi ne aibin da in mai saye ya sani zai rage kuɗi ko ya fasa. Irin wannan ko a gyara shi, ko a faɗe shi.

Injiniya_Bash:
Maganar Malam ta tuna min tsagewar bango. Iri biyu ce. Akwai siririya ta saman yaɓe wadda farce ma ba ya shiga, wannan fila da fenti sun isa. Akwai wadda ke tashi a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, ko take bin layin bulo kamar matakala, ta fito ciki da waje. Wannan tushe ne ya motsa. Liƙe ta da siminti ba gyara ba ne, za ta sake buɗewa. Maman Sultan ki zaga ki duba, in akwai irinta a kira wanda ya sani, in kuɗin ba zai kai ba a nuna wa mai saye a rage masa.

Barista_Zee:
Na karanta duka, kuma ina ganin an bar babban abu a baya. Gyaran da ya fi kowanne ɗaga darajar gida ba a kasuwar kayan gini ta Kofar Ruwa ake sayen kayansa ba. Takarda ce.

Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta sa ƙasar birni a hannun gwamna. Abin da mutum yake riƙewa haƙƙin zama ne, wanda takardar C of O ke shaidawa, yawanci na shekara 99 ga gidan zama. Sayar da gida mai irin wannan takarda yana buƙatar amincewar gwamna kafin a mayar da suna. Duk mai saye da ya san abin da yake yi zai je KANGIS, hukumar da ke riƙe da bayanan filaye ta Kano, ya bincika fayil: sunan wa ke kai, akwai bashin harajin ƙasa, an taɓa jinginar da shi a banki. Gara ku riga shi zuwa.

In kuma takardar ciniki ce kawai ta mai unguwa da dagaci, kamar yadda gidaje da yawa suke a unguwanninmu, a nemo ta tun daga mai filin farko, a haɗa su a jere, a san shaidun da ke raye.

Na uku, tunda gado ne, sunan marigayi ne a takarda, ba naku ba. A samu takarda daga kotun da ta yi rabon ko ta tabbatar da magada, kowane magaji ya sa hannu a kan yarda da sayarwa, har Hajiya, domin tana da tumuninta. In akwai ƙananan yara, waliyyinsu ya tsaya ta hanyar kotu. Na sha ganin ciniki ya faɗa, an biya rabi, sai wani ƙane da ke Legas ya bugo waya ya ce shi bai yarda ba.

Ita ma dubu 700 ɗin, ku rubuta wa ya ba da nawa, kuma a rubuta cewa za a cire ta daga kuɗin gidan kafin rabo. A ajiye rasit na kowane buhu. Zumunci ya fi lalacewa a kan ƙananan kuɗi irin wannan.

Maman_Sultan:
Barista Allah ya saka. Akwai C of O, tana wajen Yaya. Harajin ƙasa dai ban taɓa jin an biya ba tun rasuwar Baba. Mu takwas ne, ƙananan biyu ba su kai shekara 18 ba, 'yan ɗakin amarya ne.

Barista_Zee:
To ki ware wani abu daga kuɗin gyaran don wannan. Kuma amaryar ma tana cikin tumunin, ita da Hajiya za su raba shi. Kar a yi komai a bayan idonta.

Dan_Kurna:
Tun rusau ɗin da aka yi a Kano a 2023 ai kowa ya koyi tambayar takarda. Da can mutum hoton get kawai yake kallo.

Yaron_Oga:
Rusau ɗin nan ai gyara ne, filayen gwamnati aka...

Shugaban_Zaure:
Yaron_Oga dakata. Dokar zaure ta hana siyasa. A koma kan gidan Maman Sultan.

Kawu_Tanko:
Ni tambayata daban. Dole ne a sayar? Naira kullum sauka take yi, gida kuwa hawa yake. Ku gyara ku zuba 'yan haya na kirki ku riƙa raba kuɗin duk shekara. Wanda ya sayar da gida a 2022 ya riƙe kuɗin a banki, yau ko kangon gidan ba zai saya ba. Mu da muka sayar da na mahaifinmu a cikin gari, kowa ya karɓi nasa, shekara ba ta zagayo ba wasu ko babur ba su tsira da shi ba.

Gwaggo_Rabi:
Kawu, faɗa da baki da sauƙi. Gidan mutum takwas, 'yan ɗaki biyu, wa zai karɓi haya, wa zai yi gyara, wa za a zarga in ɗan haya ya gudu da kuɗin wata shida? Mata ne ke cutuwa a irin wannan riƙon. Yayye maza su riƙa karɓa suna cewa an yi gyara, ke kina gidan miji ko lissafi ba kya gani. A raba kowa ya san nasa ya fi zama lafiya.

Maman_Sultan:
Kawu na gode, mun tattauna wannan. Wasu a cikinmu suna da buƙata ta gaggawa, kuma mun fi so a rabu ana dariya. Sayarwa dai za a yi.

Dan_Maradi:
Ina gaida mutanen Kano. Mu nan Maraɗi abin kusan ɗaya ne, sai dai gidajen ƙasa sun fi yawa a tsofaffin unguwanni. Mai son saida gidan ƙasa yaɓe yake sabuntawa kafin damana, ya gyara indararo, ya tada dakalin gindin bango don kar ruwa ya ci shi. Wanda ya yi wa bangon ƙasa yaɓen siminti don ya burge mai saye, sau da yawa simintin saki yake ya faɗo falle guda, don ba su kama juna. Kuma mu ma mai saye takarda yake fara tambaya, da bashin wuta da na ruwa.

Abu_Maryam:
Dan_Maradi ya taɓo inda nake jira. Wuta! Maman Sultan, ki je ofishin kamfanin wuta na KEDCO na yankinku da lambar mita ko tsohon bil, ki ji ko akwai bashi. Sau da yawa bashin wuta a kan mitar gida ake barinsa in ɗan haya ya tashi. Wani abokina ya sayi gida ya tare, sai da ya fara sa kati ya ga ana cire masa wani kaso na bashin mutanen da bai taɓa gani ba. Masu saye yanzu sun waye, suna tambaya. Gida mai mitar kati da babu bashi a kanta abin talla ne.

Sannan ƙananan abubuwa: soket da ya ƙone, makunni da ya karye, wayoyin da 'yan haya suka jajjawo ta taga zuwa janareta. A kira mai gyaran wuta yini ɗaya ya tattare su. A sa ƙwai mai haske a kowane ɗaki har da zaure da banɗaki. Ɗaki mai duhu ƙanƙancewa yake.

Sadiya_MaiLabule:
Ni fa har yanzu ina ganin tayil a falo kaɗai zai taimaka. Yanzu a Facebook da WhatsApp ake ganin gida kafin a taka. Hoton falo mai daɓen siminti ba ya tsayar da yatsa, wucewa ake.

Injiniya_Bash:
Hajiya Sadiya, in aka yi wa falo tayil aka bar ɗakuna, ɗakunan ne za su ƙara muni. Kuma tayil zaɓi ne na rai. Abin da dubu 700 za ta bari bayan rufi da bango, mai arha za a saya, mai saye ya zo ya ga irin wanda ba ya so, ya fara lissafin kuɗin fasa shi. Daɓe mai lafiya, wankakke, ba rami, yana ce wa mutum ga wuri ka shimfiɗa abin da kake so.

Sadiya_MaiLabule:
Injiniya kai gini ka sani, ni kuma na san abin da ido ke so. Mun sayar da na yayata a Hotoro, wata da watanni ba tayi, aka yi wa falo tayil aka sake hoto, mutane suka fara kira.

Baba_Dillali:
Hotoro daban, 'yata. Can gidan da ke kusa da ku duk tayil ne, wanda ba shi da shi sai ya zama bare. A duba maƙwabta. In duk layin daɓe ne da leda, kuɗin layin za a taya, ko da zinare aka shafe falon.

Hajiya_Talatu:
Hoto dai a ɗauka da safe bayan an share, a kwashe tsofaffin bokitai da tayoyi da igiyar shanya. Kuma a share ƙofar gida har kwatar waje, ko da ba ku kuka zuba sharar ba. Mutum tun daga bakin layi yake fara yanke hukunci.

Yaron_Oga:
A fasa ɗakin da ke jikin layi a mayar da shi shago. Gida mai shago ya fi kuɗi ko'ina a Kano.

Barista_Zee:
Ban ba da wannan shawara ba. Takardar gidan zama ce, canja amfani ko fasa gini yana son izinin KNUPDA, hukumar tsara birni ta Kano. Kuma layi na uku wane ciniki shago zai yi? An rage ɗaki, an jawo magana.

Gwaggo_Rabi:
Akwai bishiya a gidan? In akwai darbejiya kar ku sare. Inuwa a watan Afrilu ta fi POP.

Maman_Sultan:
Akwai Gwaggo, babba, Baba ne ya dasa ta. Amma tana kusa da sokawe.

Injiniya_Bash:
To a nan sai an duba. Saiwar darbejiya ruwa take bi, tana shiga bututu ta tsaga bangon rami. Ranar da aka zo kwashe sokawen a leƙa a gani. In saiwa ta shiga, a haƙa ta wannan gefen a datse ta. Rassan da suka hau kan kwano kuma a rage su, ganyensu ne ke toshe magudana, wataƙila ma su ne silar tabon falon. Sarewa gaba ɗaya a bar wa wanda ya saya.

Kawu_Tanko:
Tunda an ƙi maganata ta haya, ga ta lokaci. Kar ku kai shi kasuwa gab da Babbar Sallah, kuɗin mutane yana wajen rago da kayan yara. Bayan kaka ya fi, 'yan kasuwa sun juya, manoma sun sayar.

Baba_Dillali:
Ni kuma in gida ba ya yoyo kuma layin ba ya cin ruwa, a watan Agusta nake son nuna shi. In kai mutum ana tsaka da ruwa ya tsaya a falo ya ɗaga kai. Ba sai na rantse masa ba. Mai wayo ma da kansa yake dawowa bayan an ɗauke ruwa ya ga yadda layin yake, ya tsaya wajen mai shayi ya yi tambaya.

MaiFenti_Sheka:
Amma fentin waje kar a yi shi cikin marka, bango bai bushe ba. Kuma in aka yi shi a tsakiyar hunturu ƙura ke mannewa. In so samu ne, da ɗaukewar ruwa, wajen Oktoba.

Maman_Sultan:
Na tura wa Yaya duk abin da kuka rubuta. Ya yarda da rufi, kwata da bango, sokawe, get, wuta da fenti, kuma zai shiga KANGIS da kansa ya ji abin da ake bi. Katako in an buƙata a Na'ibawa za a ɗauko, ƙanin mijina yana can. Inda muka tsaya shi ne tayil: ƙanwata tana bayan Sadiya, ta ce ko daga aljihunta za ta yi na falo a biya ta in an sayar. Yaya ya ce a'a, kar wani ya fi wani zuba kuɗi.

Barista_Zee:
Yayanku yana da gaskiya a kan dalilin. In har za ta yi, sauran duka su sa hannu tukuna.

Sadiya_MaiLabule:
Ku bar ta ta yi mana, za ku gode mata.

Dan_Kurna:
Ku fara sa shi a kasuwa ba tayil. In an yi wata uku ba tayi mai kyau, tayil ɗin ba gudu zai yi ba.

Ummu_Khalifa:
Ku yi haƙuri na shigo a makare. Namu gidan ƙasa ne a cikin gari wajen Mandawari, rufin azara, soro biyu. Shi ma wannan lissafin zai bi, ko a bar shi yadda yake?

Baba_Dillali:
Cikin gari maƙwabci ake fara yi wa tayi, Hajiya, sau da yawa shi ke saye ya haɗe da nasa. Ki fara jin ta bakinsu kafin ki sayi ko buhu ɗaya. Mota tana kaiwa ƙofar gidan?